Tambayi Likita: masu shirin tafiya tsibiri wankan teku

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon duk sun karkata waje ɗaya, wato zuwa tsibiri a shiga teku da gilashin ido da bututun shaƙar iska a baki ana kallon kifaye.

Likita, bayan biki ni da amarya za mu Zanzibar, kuma muna son bakin ruwan da babu jama'a sam don ta sake ta yi wanka ba idon kowa. Wace allura za mu yi? Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Ango Allah ya sanya alheri. Allurar shawara dole ce, Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke ciki, tana neman katinta wajen duk wanda ya taso daga Najeriya, kuma katin sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, don haka kar hidimar lefe ta sa ku manta. In kun taɓa yi shi ke nan, tun 2016 aka tsayar da cewa sau ɗaya ta isa. Zazzaɓin cizon sauro akwai can ko da bai kai namu ba.

Toh amma ni abin da ya fi tsaya min a rai maganar babu jama'a ɗin nan ce. Teku fa ba dam ɗin Ajiwa ba ne, akwai inda ruwa ke jan mutum ciki da ƙarfi alhali ta sama lumui yake, in ya ja ka kar ka yi kokawa da shi, ka yi iyo ta gefe har ka fita daga layinsa. Ku sa rigar hana nutsewa ko kun iya ruwa, kuma a samu wani a kwalekwale ko a gaɓa yana hango ku, ana iya nema wa amarya mace mai rakiya. Kar ta shiga da zani ko dogon hijabi, yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe mata ƙafa, akwai kayan wanka masu rufe jiki ruf. Kafin ku biya kuɗin masauki ku tambaya, asibiti mafi kusa minti nawa ne, kuma da dare wa zai kai mutum?

Ɗana ɗan shekara 14 yana da sikila, za mu tsibiran Maldibs, zai iya shiga ruwan? Daga Daura.

Hajiya zai iya, amma da sharaɗi. Sanyin ruwa, ƙishi, gajiya da riƙe numfashi duk suna tayar da ciwon, saboda haka ya tsaya a saman ruwa ban da nutso, ya shiga kaɗan ya fito a goge shi da tawul nan take, ya yi ta shan ruwa. Tun 2015 aka tabbatar Maldibs ta rabu da zazzaɓin cizon sauro amma akwai dengi, wani zazzaɓin da shi ma sauro ke kawowa, sauronsa da rana yake cizo. In zazzaɓi ya kama shi parasitamol kawai, kar ki ba shi ibuprofen ko diclofenac sai likita ya gani, don da dengi suna iya jawo zubar jini. Gaskiya ni da kun zaɓi tsibiri kusa da Male, babban birnin ƙasar, can manyan asibitocin suke.

Ina da ciwon suga, akwai matsala? Daga Sabuwar Unguwa.

Alhaji ƙafarka ce abin lura. Duwatsun murjani suna yanka, ga wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance cikin ruwa, ƙayar tana karyewa a cikin nama. Kar ka taka ruwa ba takalmin roba, in ka ji ciwo a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta a nuna wa likita ranar. Ka ci abinci kafin ka shiga, ka ajiye dabino ko alewa a kwalekwale, insulin kuma kar a bar shi cikin rana.