Shafin Masu Kiwo: In yanke ƙahon bunsuruna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon awaki a bayan gida a Aboabo, Kumasi. Na sayi wani dogon bunsuru irin na Sahel, ga shi ya addabi gajerun awakina da tunkuyi, har ya ji wa wata mai shayarwa ciwo a hantsa. Jikokina ma gudunsa suke. Maƙwabcina ya ce zai zo da zarto ya datse ƙahonin daga tushe. In bar shi? Daga wata Hajiya, Aboabo.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki gode wa maƙwabcin naki, amma ya bar zartonsa a gida.

Ƙahon babbar akuya ba kamar farce yake ba. A cikinsa akwai ƙashi mai jini da jijiyoyi, kuma ramin da ke ciki haɗe yake da kogon goshi. In aka datse daga tushe jini zai yi ta tsartuwa, a bar rami buɗe a kai. Da damshin Kumasi da ƙudajenta, kafin ki ankara tsutsa ta cika wurin, bunsuru ya daina cin dusa, sai kaɗa kai yake yana ramewa. Ga kuma barazanar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki da ake ɗauka ta rauni. Na sha ganin irin wannan, ba abin kallo ba ne.

Masu hana ƙaho fitowa tun dabba tana jaririya suke yi, cikin mako ɗaya zuwa biyu da haihuwa, da ƙarfe mai zafi. Wannan ma aikin likitan dabbobi ne, don ƙoƙon kan ɗan akuya ba shi da kauri, zafin yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Naki ya wuce nan tuntuni.

Ni a ganina, matsi ne matsalarki. Dogo da gajeru a kan kwano ɗaya na ɓawon rogo, dole mai ƙarfi ya yi mulki. Ki yi masa turkensa shi kaɗai nesa da masu shayarwa, ki raba musu kwanon abinci. Tsinin ƙahon, wajen santimita 1 zuwa 2, babu jini a ciki, ana iya rage shi a goge da magagari, ko a rufe tsinin kowane ƙaho da guntun tiyon roba. In ba don barbara kika ajiye shi ba, a kai shi a dandaƙe, taure ya fi sanyin hali.

In kuma layya kike nufi da shi, a mazhabar Malikiyya dabbar da ƙahonta ya karye yana jini ba ta isarwa sai ta warke.

Wasu kan ce a koma kiwon awaki marasa ƙaho tun haihuwa. A yi hattara: in aka haɗa uba da uwa duk marasa ƙaho, ana samun 'ya'ya mata-maza waɗanda ba sa haihuwa. Jikoki kuwa, ki hana su kama masa ƙaho ko tura masa goshi da sunan wasa, da haka bunsuru yake koyon tunkuyin mutane.