Kwalbar biki: ruwan inabi ce ko giyar da aka cire wa barasa?

Wata uwa daga unguwar Wadata a Yamai ta rubuto: "Zan aurar da 'yata bayan Sallah. Ƙawayenta suna son a sayo kwalaben nan masu kumfa da ake kira shampen marar barasa. Maigida ya ce ba za su shigo masa gida ba, wai giya ce. Mai kanti kuma ya rantse mini lemo ne. Wa zan bi?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Maigida da mai kanti kowa na da gaskiyarsa, domin abu biyu ne ake jerawa a kanta ɗaya, kwalba iri ɗaya, da takardar zinariya a wuya.

Na farko ruwan inabi ne ko na tuffa da aka matse, aka dafa shi kaɗan don kada ya ruɓe, aka cusa masa iskar da ke sa lemo kumfa. Bai taɓa zama giya ba. A jikinsa za ki ga an rubuta "jus de raisin pétillant". Na biyu kuwa an bar inabin ya tsima har ya zama giya cikakkiya, sannan aka janye barasar da na'ura, ko dai ta hanyar turara shi a zafi kaɗan ko ta tacewa. Shi ne "vin désalcoolisé". Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a ba shi wannan suna matuƙar barasar da ta rage ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. In kin ga "partiellement désalcoolisé", ajiye shi, ragewa kawai aka yi.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "sans alcool", wato marar barasa, don ita ce ke kwantar wa mutanenmu hankali. A Faransa, doka ta yarda a kira giyar sha'ir da wannan suna har zuwa kashi 1.2. Kuma a Turai ba a tilasta wa kamfani rubuta adadin barasa sai ta haura wannan kashi 1.2 ɗin. Ke nan rashin ganin lamba a jikin kwalba ba shaida ba ce. Ki juya ta, ki karanta ƙananan rubutun baya, ko ki sa 'yar makaranta ta karanta miki a gaban mai kantin. Ki nemi "0,0 %", ki duba jerin abubuwan da aka haɗa: in kalmar "vin", wato giyar inabi, ce a farko, kin san daga inda aka faro.

Sunan shampen ma namu ne na baki. Champagne yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, kuma doka ta keɓe sunan ga giyar da aka yi a can kaɗai, mai barasa wajen kashi 12. Kwalbar da ta ɗauki wannan suna ɓaro-ɓaro, ko giya ce ta gaske ko jabu.

Hukuncin wanda aka cire wa barasa kuwa, malamai sun saɓa, sai ki tambayi malaminku. Amma tunda shawarata kika nema, ki sayi ruwan inabin zalla, ki kawo kwalba ɗaya gida maigida ya gani da idonsa kafin ki ɗauki katan. Ranar farin ciki ba a son a shiga da shakka a zuci, ga surukai kuma suna kallo.

Wani mai shago daga Tawa ya ce: "An kawo mini tayin katan ashirin daga Birnin Ƙonni, kowane da ragin jika uku. Ba takarda ko ɗaya, amma akwai tambarin halal. In saya?"

Alhaji, araha ba ta ado. Tambarin halal kowa na iya bugawa, wanda ake dogara da shi yana zuwa da sunan hukumar da ta tantance. In an ce kayan Najeriya ne, ka nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta can. Ka buɗe katan daga tsakiya, ka shafa takardar jikin kwalba da yatsa, ka ji ko an manna wata a kan wata, musamman wajen kwanan wata.

Kwanan watan nan ka riƙe shi da kyau. Barasa ce ke hana giya lalacewa, da zarar an cire ta abin ya zama kamar kowane lemo, shi ya sa dokar Turai ta wajabta rubuta ranar da ya kamata a sha kafin ta a kan irin wannan. Ka san zafin Tawa a watan Afrilu, ma'auni na wuce 40. Katan da ya kwana biyu a rana a bayan mota, in da sauran ƙwayar tsami a ciki sukarin zai fara tsima, murfi ya kumbura, ruwan ya yi duhu-duhu. Ka ɗaga kwalba ka duba ta a haske.

Sai batun hukuma. Barasa tana da harajinta na daban a duwan, sayar da ita kuma na buƙatar izini na daban. In aka kama kayan a shagonka aka kai gwaji aka sami barasa a ciki, wanda ya kawo maka ya daɗe da komawa Ƙonni, kai za a tambaya. Ka ce masa ya kawo takardar duwan da rasit mai sunansa. In ya fara kame-kame, ka bar masa kayansa ko da ya ƙara maka ragin jika biyar.