Amsa: Itace mai fure mai ƙamshi da ke jawo ƙudan zuma

Malam, ka tambayi wane ƙaramin itace za ka shuka wanda furensa ke da ƙamshi, kuma yake jawo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Shawarata ita ce ka shuka lalle. Furanninsa ƙanana ne, galibi farare, suna fitowa gungu-gungu a bakin rassa, kuma ƙamshinsu yakan kai nesa. Ba sai ka nemi iri ba, domin reshe mai ɗan ƙwari, mai tsawon santimita 20 zuwa 30, yakan kama idan aka kafa shi a ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

Sharaɗinsa shi ne rana. Wanda na fara dasawa a inuwar katanga ya yi ganye shar, amma ya shekara biyu bai ba ni fure ko ɗaya ba, sai da na kafa wani reshen a fili inda rana ke dukansa tun safe, sannan na fara jin gunjin ƙudan zuma a kansa da hantsi. Idan ya girma, ka rage yawan datse bakin rassan, tunda a nan furen yake fitowa.