Sauraron oba-obar 'yan sanda a Amurka: abin da doka ta yarda da shi

Ɗan'uwa, labarin da ka ji gaskiya ne. A nan Amurka mutum yana iya zama a ɗakinsa yana jin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suna magana ta oba-oba. Dokar tarayya ta 1986 kan sirrin sadarwa ta halatta hakan, muddin ba a kulle tashar da lambar sirri ba. Na'urar, wato sikana, karɓa kawai take yi, ba ta aikawa. Hirar wayar salula kuwa ba a taɓa ta, tun 1994 aka hana ƙera ko shigo da na'urar da ke kama ta.

Inda ake shiga uku shi ne mota, mutanenmu kuwa da yawa tasi suke ja. Jihohin New York, Florida, Indiana, Kentucky da Minnesota sun taƙaita sa sikana a mota. A New York, sashe na 397 na dokar ababen hawa ya tanadi tarar da za ta iya kai dala 1,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa duka biyun. Mai lasisin rediyon sha'awa daga hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka, wannan hani bai shafe shi ba. Jarrabawar farko ta samun lasisin tambaya 35 ce, ka ci 26 ka wuce, kuɗin hukuma dala 35, lasisin ya yi shekara 10. Duk da haka muna gaya wa direbobinmu su bar sikanar a gida, ko manhajar Broadcastify mai kawo waɗannan tashoshi a waya kada su kunna suna tuƙi. Mai neman takardun zama bai kamata ya jawo wa kansa shari'a a kan son jin labari ba.

Sai maganar saye, a nan kuɗi ke salwanta. Garuruwa da dama sun koma tsarin dijital na P25, tsohuwar na'ura ba abin da za ta ba ka sai ƙara. Kafin ka saya, duba gundumarka a RadioReference, shafin intanet mai jerin tashoshin. In an rubuta tashar a kulle take, ko sikanar Uniden SDS100 mai tsada ba za ta buɗe ta ba, ƙoƙarin fasa kullen kuma laifi ne. 'Yan sandan birnin New York sun fara kulle nasu a 2023.

'Yan'uwanmu na Ingila ba su da wannan dama. Mallakar sikana ba laifi, amma dokar 2006 ta haramta sauraron saƙon da ba don kai aka aiko ba, kuma tsarin Airwave na 'yan sandansu a kulle yake.