Amsa ga mai ragowar shinkafa da mashrum

Wa alaikumussalam 'yar uwa. Kin ce kina da ragowar farar shinkafar jiya, da guntun kaza, da rabin kabeji, sai mashrum da aka kawo miki baki san yadda za ki yi da shi ba, kuma maigida na da hawan jini. To wallahi kin ma gama haɗa kayan soyayyar shinkafa irin ta 'yan China, don su ma da shinkafar da ta kwana suke yinta, sabuwar dahuwa caɓewa take a kasko.

Amma fa tsaya, a ina shinkafar ta kwana? In a firij ne kuma an sa ta da wuri bayan ta huce, bismillah. In kuwa a tukunya ta kwana a kicin da zafin nan, ki haƙura da ita, akwai ƙwayar cuta Bacillus cereus da ke yaɗuwa a dafaffiyar shinkafa, kuma dafin da take bari suya ba ta kashe shi. Shi ma mashrum ɗin ki tabbatar na saye ne wanda ake nomawa, ba laimar kwaɗin da ke fitowa a bayan gida da damina ba, wasu suna kisa kuma ido ba ya bambance su.

Duk daɗin abincin nan yana wajen mashrum ɗin ne, kuma nan mutane ke ɓata shi, su zuba shi tare da komai ya fito lagwaf ba ɗanɗano. Kar ki jiƙa shi a ruwa, goge shi da tsumma mai ɗan laima ko ki ɗauraye da sauri, ki yayyanka da ɗan kauri. Ɗora kasko mai faɗi ya yi zafi sosai, man gyaɗa cokali ɗaya, ki baza shi kar ya hau kan juna, sannan ki ƙyale shi, kar ki ta juyawa. Za ki ga ya fara fitar da ruwa yana tsuwwa, ki jira ruwan ya ƙone gaba ɗaya sai gefensa ya yi ja, ƙamshin ya koma kamar na gasasshen nama, lokacin ne za ki kwashe. In busasshen shiitake ne, wato wani irin mashrum na ƙasashen Asiya, shi kam ki jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti 30, ki yanke kututturen don tauri gare shi, ruwan jiƙon kuma ki tace ki ajiye, yana da daɗi sosai.

Sauran ba wuya. A kaskon dai ki sa tafarnuwa da ɗanyar citta da farin gindin lawashi, daƙiƙa kaɗan kawai kar su ƙone, sai kabeji da karas in akwai, ni na fi son kabejin ya rage yana ƙaras ƙaras a baki. Tura su gefe ki fasa ƙwai biyu ki dagargaza, ki murmushe shinkafar da hannu kafin ki zuba, sai kazar da kika zazzare, ki maida mashrum, wuta a sama ki ta juyawa har komai ya ɗau zafi yana tururi. Ki bari kayan lambun su kai yawan shinkafar ko su fi ta, ta nan lafiyar take zuwa.

Maganar maigida kuma, soya sos, wato baƙin romon waken soya da 'yan China ke sa wa girki, cike yake da gishiri, babban cokali ɗaya yana kai wajen miligiram 900 na sodiyam, sinadarin gishirin da ke ƙara hawan jini, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce babba kar ya kai miligiram 2000 a yini. Don haka ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ya isa kaskon duka, ki zuba ta gefen kasko ya ɗan ƙone, kuma ba dunƙule ba ƙarin gishiri. In kin ji da saura ki zuba ruwan shiitake ɗin nan ko ki matsa lemun tsami. Za ki ga wasu girke-girken suna cewa a sa Shaoxing, giyar shinkafa ce, ki tsallake ta kawai. Da kin sauke ki ɗiga man riɗi kaɗan ki watsa ganyen lawashi, attarugu kuma gwargwadon bakin gidanku. Ki yi daidai cinku don ba a so a sake ɗumama ta karo na biyu.