Likita, me ya sa kullum sai a ce taifod ce?

Tambaya: Likita, daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Gaya. Bana sau huɗu ana yi mini awon jini a wani ɗakin gwaji na bakin kasuwa, kullum sai a ce taifod ce. Na sha magani har na gaji, jikin ya ƙi saki.

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Awon da aka fi yi wa mutanenmu shi ne wanda ake kira Widal, tun 1896 wani likitan Faransa ya ƙirƙiro shi. Ba ya ganin ƙwayar cutar kanta, alamun garkuwar jiki kawai yake kamawa. Don haka wanda ya taɓa yin taifod shekarun baya, ko aka yi masa rigakafinta, ko ma maleriya ce a jikinsa, awon na iya cewa akwai. A ƙauyukanmu kuwa, wa ya girma bai sha ruwan rijiya marar murfi ba?

Na sha ganin mace ta juye mini leda a kan tebur, kwalayen magani har da kwalaben allura, an sayar da akuya an biya, ashe ciwon suga ne ko cutar mafitsara. Awon da ke tabbatar da taifod shi ne a zuba jini a wata kwalba ta musamman, a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta hayayyafa. Sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ake yin sa, kuma ya fi fita idan ba a riga an sha magani ba. Ki daina sayen wani maganin, ki je babban asibiti a duba ki sosai.

Tambaya: Mahaifina a Ringim ya fi wata yana tari, ya rame, yana gumin dare. Ba mu da kuɗin hoton ƙirji.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Duk tarin da ya kai mako biyu, kaki ake awo. Akwai na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano tarin fuka cikin kimanin awa biyu. Awon da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Ku kai shi gobe, kada ku jira ranar kasuwa.

Tambaya: An sa ranar aurena. A awon sikila, wani wuri sun ce ni AA ce, wani ya ce AS. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Kada ki zaɓi wanda ya fi miki daɗi, ƙanwata. Tun 2024 doka ta wajabta awo kafin aure a Kano, to amma takarda ba ta hana sikila idan awon bai inganta ba. AS da AS, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar da SS, wato mai ciwon sikila. Ki sake yi a babban asibiti, ke da angon, a gabanki a rubuta sunanki a jikin kwalbar. Idan an yi miki ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, ki faɗa musu, domin yana rikita sakamako.