Zan sayi ƙaramin babur na gudu na hannu, wanne zan ɗauka, me zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara shida ke nan ina hawa Boxer, yanzu na ɗan tara kuɗi ina son in koma babur na gudu, amma ƙarami. Dillali ya nuna min guda biyu a nan Kano, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko Kawasaki Ninja 250R ne na 2010, kore shar, shigowarsa ke nan daga Amurka, agogonsa na ƙidayar tafiya na nuna 9,000 kacal. Na biyu Honda CBR250R ne na 2012, wani ma'aikaci ya hau shi shekara uku a nan, robar jikinsa ta kakkarce, agogo na nuna 31,000. Zirga-zirgar cikin gari zan riƙa yi, sai zuwa gida Dutse a ƙarshen mako. Gaskiya zuciyata tana kan koren. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sa albarka a abin da ka tara. Ban ga laifinka ba da koren ya shiga ranka, domin babur ne mai kyan gani. Sai dai abin da ya ɗauki idonka roba ce, ita kuwa roba ana sayen sabuwa a ɗaura cikin yini ɗaya. Kuɗinka na kan abin da ke ƙarƙashinta.

Mu fara da agogon nan. Babur ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka da mil yake lissafi, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wato 9,000 ɗin nan kusan kilomita 14,500 ke nan. Ko a hakan ma tafiyar ta yi kaɗan ga babur na 2010, kuma wannan ba abin murna ba ne kamar yadda dillali zai nuna maka. Ma'anarsa ya fi daɗewa a ajiye fiye da kan titi. Babur kuwa zama na cinsa fiye da tafiya. Ninja 250R ɗin da aka sayar a Amurka daga 2008 zuwa 2012 kafireta biyu gare shi, kuma fetur ɗin can galibi ana haɗa shi da sinadarin itanol mai jan danshi. In ya yi shekaru a tanki sai ya kafe ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan hanyoyin kafireta, tankin kuma ya yi tsatsa daga ciki. Buɗe murfin tanki, ka haska tocila har ƙasa, ka sunsuna. Tsohon fetur warinsa daban ne, kamar na tsohon fenti.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani game da irin waɗannan babura. A ƙasashen da ake kawo su daga can, na 'yan koyo ne. Da su mutum ke fara hawa kafin ya koma babba, saboda haka da wuya ka sami wanda bai taɓa kai gefensa ƙasa ba. Da yawa daga waɗanda ke shigo mana ma daga gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su bayan haɗari. Don haka kada ka ɓata bakinka wajen tambayar ko ya taɓa faɗuwa. Abin da kake son ganowa shi ne irin faɗuwar da ya yi. Wanda ya kife a tsaye, za ka ga ɗan karce a ƙarshen hannu, da kan marikin birki ko na kuloci, da gefen salansa, wato bututun hayaƙi. Wannan ba komai ba ne. Wanda ya yi karo da gudu kuwa, shaidarsa na wuyan babur. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kai, akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke tare kan kada ya wuce iyaka idan ka juya shi. In ɗaya ya lanƙwashe, ya karye, ko ka ga sabuwar walda, kan ya daku da ƙarfi. Juya kan zuwa dama har ƙarshe, ka auna tazarar hannu da tanki da yatsunka, ka juya hagu ka sake aunawa. Dole su zo daidai.

A bara wani yaro ya turo min irin wannan babur gareji, kwana huɗu da saya, yana cewa da ya saki hannu kaɗan sai ya ji yana jansa gefe guda. Fenti sabo fil, ko ƙura bai gama ɗauka ba. Da muka kwance robar gefen dama, sai ga waldar da aka yi a wuyan shasi, an goge ta an fesa baƙin fenti a kai, har fentin ya ɗiga a kan wayoyin da ke kusa. Da ya haska tocila ta ƙasan fitila tun a wurin ciniki, da ya ga ɗigon nan. Na tausaya masa ƙwarai, don shasin da ya karkace ba ya komawa yadda yake, kuma babur ne da zai kai mutum fiye da kilomita 130 a awa. Shi ya sa tsohuwar roba mai karce ta fi kwantar min da hankali a kan sabuwa mai ƙyalli a jikin tsohon babur.

Ka gaya wa dillali da sassafe za ka zo, kuma kada kowa ya tayar da shi kafin ka iso. Da ka je, fara taɓa injin da bayan hannu. In da ɗumi, ka ce gobe ka dawo. Injin da ya yi zafi yana ɓoye wahalar tashi, da ƙarar bawul, da hayaƙi. Ninja zai nemi ka ja cok da safe, wato marikin da ke ƙara wa inji mai sanyi fetur, wannan ɗabi'arsa ce, amma bayan 'yan mintoci ya kamata ya zauna lafiya ba tare da cok ba, wajen juyi 1,300 a minti. In sai da cok yake rayuwa, kafireta ta toshe. Honda kuwa injekta gare shi, mai fesa fetur a madadin kafireta: kana murɗa makulli za ka ji famfon mai ya yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu, fitilar gargaɗi ta kama sannan ta mutu. In fitilar ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne don ɓoye matsala. Tsaya ta bayan salansa. Ɗan farin tururi da safe ba laifi, shuɗin hayaƙi kuwa injin na shan baƙin mai, ringi ko fistin sun gaji.

Ga inda masu tahowa daga Boxer suka fi samun matsala: waɗannan biyun da ruwa suke sanyaya injin, suna da lagireto da fanka. Kafin a tayar, buɗe murfin lagireto ka ga ruwan. Kore ko shuɗi mai tsabta ake so. In ja ne kamar ruwan kududdufi, ruwan rijiya aka riƙa zuba masa ya ci shi da tsatsa. Duba baƙin mai ta ɗan gilashin da ke gefen injin. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa na shiga cikinsa, ka tafi abinka. Sannan ka bar shi yana aiki a tsaye har fanka ta kama da kanta. Kada ka yarda a ce maka ai tana yi. A cunkoson Kano cikin Afrilu, fankar nan ce kaɗai ke tsakanin injinka da ƙonewa.

Ba su da kiki, sai sitata, don haka ka je da mai wayarin ya ɗora mita a kan batir. A kashe ya nuna wajen 12.6, idan an ba shi wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Kaca da haƙoran da take hawa, da takalmin birki, kayan canji ne, sai dai ka sa su cikin ciniki. Danna gaba ka saki sau uku, ka shafa ƙarfen shokar. In mai ya biyo yatsanka, osil, wato robar da ke riƙe man shokar, ya tafi. Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2314 na nufin mako na 23 na 2014. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta na nan, kuma ina kyautata zaton na koren nan sun wuce haka. Tayoyin inci 17 ne masu faɗi, ba a kowane shago ake samunsu ba, ka tambayi kuɗinsu kafin ka yi tayi.

Ka hau shi ka bi duka giya shida, ka murɗa mai sosai a giya ta huɗu. In ƙara ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa.

Yanzu kan zaɓin naka. Ninja silinda biyu ne, ya fi ƙarfi a sama, injinsa na juyawa har 13,000 a minti, kuma tankinsa lita 18 ne, na Honda 13. A hanyar Dutse zai fi daɗi. Amma yana son hannun da ya san shi: kafireta biyun sai an daidaita su su yi numfashi tare, kuma littafinsa ya ce a duba bawul duk kilomita 12,000, wanda wannan ya riga ya wuce, ba kuma wanda zai iya gaya maka ko an yi. Honda silinda ɗaya ne, ya fi sauƙin nauyi, ya fi ja daga ƙasa, bai kai shi shan mai ba, kuma bawul ɗinsa sai wajen kilomita 24,000. Rauninsa shi ne gurɓataccen fetur, wanda ke kashe famfon mai, saboda haka in ka saye shi ka rabu da man bumburutu na galan. Babbar fa'idarsa a wannan cinikin ita ce mai shi yana gari. Kana iya zama da shi ka tambaye shi wane baƙin mai yake sa wa, ka je wurin bakaniken da ke duba masa ka ji daga bakinsa. Ka saurara ko zai ambaci mai mai alamar JASO MA, domin kulocin waɗannan babura a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna sa shi zamewa. In Hondan ya tsallake abubuwan da na lissafa, ni shi zan ɗauka, ko da robarsa ta fi haka muni.

Takardu kuwa ba na sassauci a kansu. Lambar shasi tana buge a wuyan babur, haruffa da lambobi 17, ka karanta ta da idonka ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya, haka ma lambar injin. A na Amurka, na goma a jerin shi ke faɗin shekara: A na nufin 2010, B 2011, C 2012. In ka ga alamar an kankare wurin ko an sake bugawa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Koren ya zo da takardar biyan kwastam mai ɗauke da lambarsa, Hondan kuma da takardun rajista da sunan mai sayarwa. A rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu, mai babur da kansa yana wurin, kada dillali ya tsaya a madadinsa.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan sayen. Ware wani kaso na juyen mai da filta, da sabon ruwan lagireto da man birki, da hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, da lasin ɗinka na rukunin A in ba ka da shi. Ƙarfin kowannensu ya ninka na Boxer ɗinka kusan sau uku, kuma birkin gaba na faifai ne, yana kamawa nan take. Ka sami fili marar yashi da sassafe, ka yi sati biyu kana gwada tsayawa da yatsu biyu a kan birkin gaba, daga gudun 30 zuwa 50, kafin ka kama hanyar Wudil.